Ganyen Turare a Tukunya, Mansa a Kwalba: Yadda Za a Mori Ƙamshin Ba Tare da An Cutu Ba

Daga ƙarshen watan Nuwamba, da an gama kai gero da dawa rumbu, iska takan juya a ƙasar Gobir. Sai ta taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, ta lulluɓe Unguwar Lalle da Tsamaye da Gatawa, ta gangara har Isa da Bafarawa. Rana ta dushe a cikin hazo, leɓe ya tsage, faso ya buɗe a dunduniya. In dare ya raba kuwa, ba sai ka tambayi lafiyar maƙwabta ba, tarin da ke ƙetaro danga ya ba ka amsa.

A irin wannan lokaci ne uwargida kan aiki yaro ya yago mata ganyen turare, ta ɗora tukunya, ta lulluɓe mai mura da bargo ya yi sirace. Wannan mun saba da shi. Abin da ya shigo mana sabo shi ne 'yar kwalbar nan da ba ta wuce tsawon yatsa ba, wadda ake samu a kemis da shagunan maganin Musulunci, wani lokaci ma a zo da ita tsaraba daga Makka. Man ganyen turaren ne aka tace aka ɗura. Tun da ta fara yawo a gidaje tambayoyi suka biyo ta: ɗigo nawa ake sawa, ana sha ko shaƙa kawai ake yi, ana iya shafa wa jariri in hancinsa ya toshe?

Amsata a taƙaice ita ce, man nan na hanci ne da fata, kuma da ɗigo ake auna shi. Ba ya shiga baki, ba ya zuwa kusa da jariri. Aikinsa ya sauƙaƙa maka daren mura har jiki ya warkar da kansa. Sauran bayanin duk a kan wannan ya ginu.

Wace bishiya ce, wane mai ne?

Bishiyar da muke kira turare, wasu su ce zaiti, ita ce doguwar nan mai siraran ganyaye masu kama da lauje, wadda ɓawonta ke saɓulewa ya bar jikinta fari sumul. Baƙuwa ce, asalinta Ostireliya, inda take da dangi sama da 700. Wadda aka fi dasawa a wajenmu, a ƙasarta bakin koguna take bi, shi ya sa take da son ruwa. Ma'aikatan gandun daji ne suka yaɗa ta tare da dogon yaro a shingayen tare iska da bakin hanyoyi da makarantu, kuma aikin dashen bai tsaya ba: Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi ta tare hamada a 2007, Najeriya ta kafa wa shirin hukuma a 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa.

Man kwalba kuwa galibi daga wata 'yar'uwarta ake tatso shi, wadda ta fi son ƙasashe masu sanyi, kuma ganyenta ya fi na tamu mai. A jikin kwalbar za ka ga an rubuta Eucalyptus globulus. Likitocin jiragen ruwan Ingila da suka sauka Sidni a 1788 su suka fara tace man ganyen, wani mai haɗa magunguna, Joseph Bosisto, ya mai da shi sana'a a 1852, yau kuma ƙasar Sin ce ke fitar da mafi yawansa. Yadda ake yi shi ne a cusa ganye a rufaffiyar tukunya, tururi ya ratsa shi ya kwashi man, a bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, man ya taso sama a yaɗe shi. Ganye kilo 100 bai cika ba da abin da ya wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Yi lissafi da kanka: kwalba mai mililita 10 ta tattara ƙarfin ganyen da ya kai rabin kilo zuwa kilo guda. Wanda ya ɗauki man kamar ruwan ganyen da ya saba tafasawa, ya raina ɗan hakin da zai tsone masa ido.

Sinadarin da ke ba shi wannan ƙamshi mai ratsa hanci sunansa siniyol. Ƙa'idar masu haɗa magunguna ita ce, man da za a yi jinya da shi siniyol ɗinsa kada ya gaza kashi 70 cikin 100. Shi ne amfanin man, shi ne kuma haɗarinsa. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

Akwai ruɗanin suna da ya kamata a warware tun yanzu. Zaiti daban, zaitun daban. Man zaitun abinci ne, ana shan sa da cokali, haka ma man habbatussauda da ake jera su tare a kanta ɗaya. Man zaiti kuwa guba ne in ya shiga ciki. Sannan a Masar da wasu ƙasashen Larabawa kafur suke ce wa wannan bishiya, don haka kwalbar da aka rubuta wa sunan da Larabci tana iya rikita mai saye. Maigida, in ka sayo, ka tara iyalinka ka nuna musu bambancin, musamman tsofaffin da idonsu ya yi rauni.

Me ƙamshin ke yi a jiki?

Jinya da ƙamshi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda ya tashi a gidan da ake turara ɗaki da hawi da sandal, ake yi wa amarya humra, ya san ƙamshi na kwantar da rai. Turawa sun raɗa wa abin suna aromaterafi bayan wani Bafaranshe masanin sinadarai, René-Maurice Gattefossé, ya fitar da littafi a kai a 1937. Abin da binciken zamani ya ƙara mana shi ne sanin iyakar abin.

A 1983 masu bincike a birnin Kadif na Birtaniya sun sa mutane shaƙar man turare da kafur da mantol, suka auna iskar da ke wucewa ta hancinsu. Yawancin mutanen sun ce sun ji hanci ya buɗe, ma'auni kuwa ya nuna ƙofar hancin tana nan yadda take. Dalili shi ne sinadarin na taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi a cikin hanci, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka iska ce ke kwarara. Kada a raina wannan. Wanda ya ji numfashinsa ya sake zai samu barci, barci kuwa rabin jinyar mura ne. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2010 kan yara 'yan shekara 2 zuwa 11 ya nuna iyayen da suka shafa wa 'ya'yansu man zafi mai ɗauke da waɗannan sinadarai a ƙirji sun ce yaran sun fi samun barci, ko da yake wasu sun yi kukan raɗaɗi a fata da ido, kuma kamfanin da ke yin man ne ya ba da kuɗin binciken.

Ita mura ƙwayoyin bairas ke kawo ta, takan ɗauki mako guda zuwa kwana 10 ta wuce. Ƙamshi ba ya kashe su, tururi ba ya kashe su, kafson da ake saye a tire ma ba ya taɓa su. A shekarar 2020 an sha sirace da sunan korona, an samu sauƙin hanci, cutar kuwa sai da ta cika kwanakinta a jikin wanda ta kama.

Sayen na gaske da ajiyarsa

Ka nemi kwalbar gilashi mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗiya, mai ɗan toshi a baki da ke fitar da ɗigo ɗaya-ɗaya. Ka duba sunan bishiyar, da ranar lalacewa, da lambar hukumar NAFDAC. Wanda aka ɗura a robar da ba rubutu, ka bar wa mai shi kayansa.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. Ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka ajiye ta a inuwa. Na gaske zai bi iska ya bar takardar ba maiƙo. In ka dawo bayan awa biyu ka tarar da tabo kamar an naɗe ƙosai a ciki, an sirka shi da wani mai.

Zafin bazararmu, da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, yana lalata man, lalataccen mai kuma ya fi ƙona fata. A rufe shi da kyau, a sa a ƙasan akwati mai makulli, nesa da rana da murhu, domin yana kama wuta. Kada a juye shi a kwalbar lemo ko ta maganin tari. Yawancin yaran da suka sha kananzir ta haka suka sha, shi ma wannan ta haka za su sha.

Hanyoyi huɗu na amfani da shi

Ta farko, kuma wadda na fi so, hankici. Ɗigo ɗaya ko biyu a hankici ko ƙyalle mai tsabta, ka riƙa kai shi kusa da hanci kana shaƙa a hankali. Da dare ka ajiye shi gefen matashin kai, ban da inda ido zai goga. Ba wuta, ba ruwan zafi, ba tsada. Direba ko ɗan kabu-kabun da ke shan ƙura tsakanin Sabon Birni da Isa zai iya sa shi a aljihu, amma ya sani rawani ko takunkumin da ya rufe hanci ya fi kowane ƙamshi tare ƙura.

Ta biyu sirace, kuma na manya ne. A tafasa ruwa, a sauke tukunyar daga wuta, a juye a faffaɗan kwano, a girke shi a ƙasa inda ba zai goce ba. A bar shi ya ɗan huce na minti biyu ko uku, sannan a ɗiga ɗigo biyu, iyaka uku. A rufe ido ruf, a bar tazarar kamu guda tsakanin fuska da ruwa, a yafa tawul, a yi minti biyar zuwa goma. Sau biyu a yini ya wadatar. In da ganye za a yi, cikin hannu ɗaya a tukunya ya isa, a wanke shi tukuna saboda ƙura. Wanda ya ji jiri, ko ƙirji ya ɗaure, ko tari ya turnuƙe shi, ya yaye mayafin nan take, ba jarumta a ciki. Bayan an gama a goge zufa, a sha ruwa, a dakata kafin a fita iska.

Babban haɗarin sirace ruwan zafin ne kansa. Yaro a ƙarƙashin bargo ba ya gani, ga zafi ga duhu, da ya zabura sai tukunya ta kife masa a cinya. Ƙunar da za a yi wata uku ana jinya ba ta cancanci murar mako guda ba. Yaron da bai kai shekara 12 ba kada a lulluɓe shi da tafasasshen ruwa, ko da ganye ne zalla a ciki.

Ta uku shafawa. Tsagwaron man ba ya hawa fata, sai an sirka. Ga babba, ɗigo biyu a cikin cokalin shayi ɗaya na man kaɗanya da aka narkar, ko man gyaɗa, ko na riɗi, ko na kwakwa. Ga tsoho mai siririyar fata, ɗigo ɗaya. Ga yaron da ya wuce shekara 3, ɗigo ɗaya a cokali biyu. Kafin a shafa da yawa, a ɗan taɓa a cikin hannu kusa da gwiwa a bar shi ya kwana. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, jikinka bai karɓe shi ba. In lafiya lau, a shafa a ƙirji da baya, ko a murza a kafaɗa da ƙugu bayan wunin aikin fadama. Ban da fuska, ban da cikin hanci, ban da kunne, ban da rauni ko faso mai jini, ban da al'aura. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko a ɗauki yaro. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kamar minti 15.

A tuna kuma man zafin da ake sayarwa, irin su Vicks, da ma akwai man turare da kafur da mantol a cikinsa. Wanda ya shafa shi ba ya bukatar ƙara ɗigo a kai.

Ta huɗu ƙamsasa ɗaki. Ɗigo uku a kwanon ruwan ɗumi, a ajiye a saman da yaro ba ya kaiwa, na rabin awa, taga a ɗan buɗe. Uwargida, kada ki ɗiga shi a kaskon turaren wuta. Garwashi zai sa ya yi bal da wuta, abin da ya saura kuma hayaƙi ne mai shaƙe maƙogwaro. Tun da maganar garwashi ta zo, bari in faɗi wadda ta fi ta man muhimmanci: kaskon jin ɗumi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon, sannan a kwanta.

Waɗanda aka hana

Jarirai da ƙananan yara su ne kan gaba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana amfani da man ga yaron da bai kai wata 30 ba, saboda ƙamshin mai ƙarfi na iya sa maƙogwaronsa ya shaƙe numfashi ya tsaya. Ni nakan ce a cike shi shekara 3, ya fi sauƙin riƙewa. Goggo da Inna za su ce haka suka yi wa nasu ga su nan sun girma. A ba su girmansu, a yi musu bayani da lalama: ganye suka sani, abin da ke cikin kwalbar nan ya ninka shi nesa ba kusa ba.

Mai jego kada ta shafa a ƙirjinta, domin nan hancin jariri yake wuni. Kada a sa man, ko wani man zafi, a cibiyar jariri. Abin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa na cibiya shi ne maganin kulohekzidin. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi kan kafur ɗin da ake sawa a kayan jarirai da hoda mai mantol, domin akwai yara da yawa, galibi maza, da ake haifa da wani rauni a jini wanda irin waɗannan abubuwa ke tayar musu da ciwon shawara mai tsanani.

Mai farfaɗiya, da yaron da ya taɓa jijjiga, su nisance shi, domin man na iya tayar da ita. Mai asma ya yi hattara ƙwarai: wani ƙamshin na ɗaure masa ƙirji, kuma ba ya maye gurbin abin shaƙarsa na asibiti. Mai juna biyu ta haƙura da shi, musamman a watannin farko, ko ta tambaya a wurin awo.

To jaririn da hancinsa ya toshe fa?

Ruwan gishiri ya ishe shi. Ana sayar da na ɗigawa a kemis. In babu, a tafasa ruwa rabin lita, wato kimanin leda ɗaya ta fiya wata, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe ba tozo, a bar shi ya huce sarai. Ɗigo ɗaya ko biyu a kowace ƙofar hanci kafin a ba shi nono, a goge majinar da ta fito da ƙyalle mai laushi. Kullum a haɗa sabo. A yawaita ba shi nono, a rufe masa ƙirji da kai, a raba shi da hayaƙin murhu da na turaren wuta. Yaron da ya haura shekara ɗaya, rabin cokalin zuma kafin barci na rage masa tari. Wanda bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.

In yaro ya sha man

Cokalin shayi ɗaya, mililita 5, ya isa ya jefa yaro cikin mawuyacin hali, ƙasa da haka ma yana bugarwa. Alamun sukan zo da wuri, sau da yawa cikin rabin awa: ƙuna a baki, amai, tangaɗi kamar mai maye, barci mai nauyi, jijjiga, numfashi na warin man.

Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada a ɗura masa manja ko nono ko ruwan gishiri. Duk waɗannan na iya tura man cikin huhu, can kuma ya fi ɓarna. In ya fara barci ko jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti nan take, ko da yaron yana wasansa, domin wani sai bayan 'yan awoyi abin ke bayyana.

Sauro da zazzaɓi

A ƙarni na 19 Turawa sun riƙa kiran turare bishiyar zazzaɓi. Sun dasa ta a fadamun kusa da birnin Rum da na Aljeriya, suna zaton ƙamshinta ke tsarkake iska. Sai a 1897 wani mai bincike, Ronald Ross, ya tabbatar sauro ne ke ɗauke da cutar zazzaɓin, aka gane in bishiyar ta taimaka, to ta hanyar shanye ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa ne. Darasin na nan har gobe. Sirace zai sa mai zazzaɓin cizon sauro ya yi zufa ya ji dama-dama, ƙwayar cutar kuwa tana cikin jininsa tana hayayyafa. Zazzaɓi gwaji yake so da cikakken magani. Gidan sauro, da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a damina, su ne garkuwa.

Akwai wata 'yar'uwar bishiyar mai ƙamshin lemun tsami da ake sarrafa manta a yi maganin korar sauro na shafawa, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta amince da shi a 2005, ga waɗanda suka wuce shekara 3. Wannan sarrafaffen abu ne na musamman. Man kwalbar da muke magana a kai ƙamshinsa kan gushe cikin ɗan lokaci, sauro ya dawo aikinsa.

Wanda kuma ke son dasa tasa bishiyar turaren don ya riƙa samun ganye a kusa, ya tuna da son ruwanta. A nisanta ta da rijiya da katanga da tsakiyar gona, domin saiwarta na kwashe danshi, ganyenta da ya zuba kuma ba ya barin shuka ta sake a ƙarƙashinta. Gefen hanya ko iyakar fili ya fi dacewa da ita. Gona kuwa ta gawo ce.

Lokacin da za a ajiye kwalba

Nan ne zancen ya fi nauyi. Mura da ciwon huhu farkonsu ɗaya, kuma ƙamshin da ke sa a ji sauƙi yana iya sa a yi sake. Abin da ke raba su numfashi ne, ƙirga shi kuwa ba ya bukatar komai sai agogon waya. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga a minti ɗaya cur. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa, daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. In ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, maganar ta bar hannun tukunya.

Babba kuma, tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama da zufar dare ko jini a kaki, a je a gwada tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, daga hunturu zuwa bazara, a ɗauke shi sanƙarau har sai likita ya ce ba shi ba ne. Mutanen Sakkwato da Zamfara ba su manta da annobar 2017 ba.

Na san abin da mai karatu a Unguwar Lalle zai ce: faɗar a tafi asibiti ta fi tafiyar sauƙi. Gaskiya ne. Tun da matsalar tsaro ta yi ƙamari a yankin nan, hanyar Sabon Birni ko ta Isa ba ta biyuwa yadda aka ga dama, balle da dare. Wannan ne ma ya sa ba mu da damar jira mu gani. Wanda asibiti ke bayan gidansa yana iya cewa bari a gwada sirace zuwa tsakar dare, mu kuwa shawararmu da rana tsaka ake yanke ta. Saboda haka ga al'adar da nake roƙon kowane gida ya ɗauka a kowane hunturu: duk yaron da ke tari, a ƙirga numfashinsa da hantsi, a sake ƙirgawa bayan azahar. In lissafin ya haura, a nemi ma'aikacin lafiya mafi kusa, a kama hanya tun la'asar ba ta yi sanyi ba. In bai haura ba, alhamdu lillahi, a ba shi ruwan ɗumi da zumarsa, babba ya ɗiga ɗigo biyu a hankici, a mai da kwalbar akwati a kulle, a fitar da kaskon wuta. Allah ya ba mu lafiya, ya zaunar mana da ƙasarmu.